Sabon Fim Ya Fito: Wa Ya Riga Ki Kallon Sa A Gidanki?

Yau ba girki na zo miki da shi ba, ba kuma gyaran jiki ba. Magana ce a kan wani baƙo da yake kwana a gidajenmu, yana hira da 'ya'yanmu har tsakar dare, alhali da yawa daga cikinmu ko sunansa ba mu taɓa tambaya ba. Ina nufin sababbin finafinai da shirye-shiryen talabijin da waƙoƙi da wasannin gem da ake saki kusan kowace rana ta Allah.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne, kwanakin baya na je suna Fakku, cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, wajen gwaggona da ke aure a can. Daga Sakkwato muka bi ta Tambuwal, sannan muka saki babban titi muka nausa ciki. Na tafi da tunanin zan huta da hayaniyar birni, in sha fura mai kyau, in yi barci da wuri. Ashe ban san dawan garin ba.

Bayan sallar isha'i, babu wuta, muna zaune a tsakar gida a kan tabarmi, sai na hangi 'yan mata biyar sun haɗa kai wuri guda a gindin rumbu, fuskokinsu sun yi fari da hasken waya. Na leƙa. Wani shiri ne mai dogon zango da ake saki mako-mako, kuma kashin da suke kallo shekaranjiya ya fito, ni da na zo daga birni ko labarinsa ban ji ba. Can gefe kuma ga wani jikan gwaggo, yaron da bai wuce shekara 9 ba, ya rungume wayar uwarsa yana ta harbin mutane a cikin gem, yana cije leɓe. Sau uku ana kiran sa ya kawo buta, ko kai bai ɗaga ba.

Gwaggo ta dube ni ta girgiza kai, ta ce, "Ke ɗiyata, a da in baƙo ya zaka, sai ya tsaya zaure ya yi sallama, maigida ya hita ya gane shi. Wanga ko ba mu san sa'ad da yash shigo ba."

Ban ga laifin yaran ba, gaskiya. Yankin na fama da matsalar tsaro, dandali ya yi rauni, gaɗa da wasan farin wata sun ja baya, kowace uwa ta fi son da duhu ya yi ta ga 'ya'yanta a gabanta. To yaro yana gida, barci bai zo ba, kaka ta gaji da tatsuniya, me zai yi? Sai waya ta gaji dandali.

Washegari na tambayi 'yan matan yadda fim ke iso musu da wuri haka. Abin babu wuya. Akwai shagon cajin waya mai aiki da sola, mai shagon shi ne ke sayen data ya sauke sabon kashi da zarar an sa shi a YouTube. Daga nan duk mai so sai ya aika ƙanensa da memori da 'yan canji, a cika masa. Wanda ya samu kuma ya tura wa maƙwabta ta Xender, kyauta, ba sai da data ba. Kafin azahar fim ya zagaye unguwa. Ga kuma samari 'yan cin rani da ke dawowa daga Sakkwato da Abuja da Legas, kowa da wayarsa maƙare da kaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai shago ba ya tambayar ɗan aiken wa zai kalla. In an ce masa "a sa sababbi", sababbi zai sa, duk abin da ke cikin kwamfutarsa.

Daga kaset zuwa tafin hannu

Ke da kika girma a shekarun 1990, kin san ba haka abin yake ba. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, fim kaset ne mai nauyi da ake riƙewa a hannu. Sai an kai shi kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano, dillalai su saro, ya biyo mota zuwa Sakkwato, kafin ya iso shagon haya a Tambuwal an ɗauki kwanaki. Sannan bidiyon ɗaya ce a gida, sau da yawa a falon maigida, sai an ta da janareta, kowa ya hallara, manya a kan kujera yara a ƙasa. In aka zo wurin rawa da ya wuce gona da iri, gyaran muryar baba kawai ta isa a tura kaset gaba. Wato dai fim ba ya isa idon yaro sai ya bi ta hannun babba.

A 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, bayan ƙorafin jama'a kan raye-raye da sutura. Muddin fim sai ya bi ta kasuwa, hukuma na da inda za ta tare shi. Amma kaset ya ba CD wuri, masu satar fasaha da masu turi a waya suka durƙusar da kasuwar CD ɗin, sai masu shirya fim suka nemi wata mafita. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020, shekarar kullen korona, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna wa kowa cewa kasuwa ta koma ga shiri mai dogon zango, kuma YouTube ce sabuwar Ƙofar Wambai.

Ya kamata ki san yadda wannan kasuwa take, domin ita ce ke bayyana abin da kike gani a allo. A da mai fim yana cin riba ne in kin sayi kaset, daga nan ya gama da ke. Yanzu kuwa kuɗinsa na zuwa ne daga talla, talla kuma tana bin yawan masu kallo da daɗewarsu a gaban allo. Shi ya sa labarin da zai ƙare a awa biyu ake jan sa zango bayan zango, shi ya sa kuma kowane kashi yake tsayawa daidai inda ranki zai tsaya: an ɗaga hannu za a yi mari, an miƙa takardar saki ba a buɗe ba, an ƙwanƙwasa ƙofa ba a san ko wane ne ba. Ba mugunta ba ce, sana'a ce. Amma in ke babba sai kin yi da gaske kafin ki ajiye waya, ki auna yarinya 'yar shekara 13.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Kada ki ɗauka zuwa na yi in ce miki a kulle ƙofa a hana kallo. Ni kaina ina kallo, kuma akwai shirye-shiryen da nake ganin sun yi wa mata aiki. Daɗin Kowa ya kawo rayuwar talaka kamar yadda take, da rikicin gidan Kamaye da Adama wanda kowace unguwa tana da irinsa, ya kuma taɓo shaye-shaye da almajirci da halin 'yan gudun hijira. Kwana Casa'in, da jiharsa ta ƙirƙira mai suna Alfawa, ya buɗe wa mata da yawa ido kan yadda ake wasa da kuɗin asibiti da na makaranta a siyasa. Manyan Mata na Abdul Amart ya tsaya kan zawarci da sakaci da iyali da yaran da aka watsar a titi, har wani wurin sai kin share hawaye. Gidan Badamasi kuma, duk da barkwancinsa, madubi ne ga duk mai tara 'ya'ya ba tare da tarbiyya ba. A 2024 ma fim ɗin Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi Nijeriya ta zaɓa ta aika gasar Oscar a Amurka. Wannan ci gaba ne, kuma ina alfahari da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, shirin da ya dace da ke ba lallai ya dace da 'yarki ba. Yawancin waɗannan labarai na manya ne: kishi, cin amana, bin boka, auren sirri, yaudarar samari. Ke kina kallo da hankalin wadda ta ga jiya ta ga yau, kin san ƙarshen mai bin boka tun kafin a nuna. Ita kuwa yarinyar sai a kashi na 40 za ta ga sakayya, bayan ta shafe kashi 39 tana koyon salon makirci da murguɗa baki. Ga kuma tallan da ake cusawa a tsakiyar shiri, musamman na magungunan gargajiya da kayan mata, wanda wani lokaci kalamansa sun fi fim ɗin kansa nauyi. Na sha ganin uwa ta daburce tana laluben inda za ta rage murya, yara sun zuba mata ido.

A watan Mayun 2025, hukumar tacewar ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Ki lura da kyau, waɗannan su ne manya, masu ofis da suna da mutuncin karewa, su ne hukuma ke iya kira su amsa. To ina ga ɗaruruwan ƙananan tashoshi da ba a san masu su ba? Ina ga abin da ake ɗauka a ɗaki a watsa a TikTok? Sannan hukumar ta Kano ce, ikonta bai kai shagon caji na Fakku ba, balle ƙarƙashin bargon ɗanki. Duk tacewar da ta rage, a tsakar gidanki take.

Indiya-Hausa da jaruman Turkiyya

A memorin 'yan matan nan na Fakku, finafinan Hausa ba su kai rabi ba. Sauran duk Indiya ce da aka fassara, irin ta su Algaita. Mu da muka tashi da Indiya ta soyayya da rawa a cikin furanni, sai mu ɗauka har yanzu ita ce. A'a. Mafi yawan waɗanda ake fassarawa yanzu na kudancin Indiya ne, na faɗa da sara da ɗaukar fansa, inda jarumi ɗaya zai karkashe mutum hamsin kafin a je hutun rabin lokaci. A can ƙasarsu hukuma na sa wa kowane fim alama, akwai wanda aka ware wa manya zalla, amma kafin ya iso memori babu mai kula da wannan alama. Kuma da yake yanzu da Hausa ake magana, har da habaici da ba'a irin tamu, babu abin da ke wuce kan yaro kamar yadda yake wuce mu a da, lokacin da muke kallon baki kawai muna cankar ma'ana.

Na Turkiyya kuwa, musamman Ertugrul, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, da na ɗansa Usman da ya biyo baya, iyaye da yawa sun sake da su saboda ana salla, ana ambaton Allah, mata na da sutura. Haka ne, kuma sun fi wasu da yawa. Sai dai abu biyu. Na farko, akwai yanka da fille kai da azabtar da fursuna a fili, waɗanda ba su dace da ƙaramin yaro ba, balle yaron da a garinsu ya taɓa jin ƙarar bindiga ta gaske. Na biyu, ki gaya wa yaranki cewa wasa ne ba littafin tarihi ba. Ertugrul mutum ne na gaske, mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya ta Turkiyya, amma abin da tarihi ya adana game da rayuwarsa kaɗan ne ƙwarai, sauran duk marubuta ne suka cike. Na taɓa jin wani yaro yana rantsuwa a kan wani yaƙi da ya gani a ciki kamar a Islamiyya aka karantar da shi.

Waƙa ba ta neman izini

Fim sai an zauna an kalla, waƙa kuwa ko kina tuƙa tuwo za ta same ki. Ƙasar Sakkwato ba baƙuwar waƙa ba ce. Nan ne gidan su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan Anace da Musa Ɗanƙwairo, nan ne kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta mayar da waƙa makaranta, jajis ɗinta na 'Yan Taru suna bin ƙauyuka suna koya wa mata addini da ladabi ta hanyar baitoci, domin ta san abin da aka rera ya fi zama a zuciya. To wannan ƙarfin da waƙa ke da shi bai ragu ba, abin da ake ɗora masa ne ya canza.

A cikin mawaƙan zamani akwai masu kalamai masu tsafta da hikima, kuma babu laifi mace ta saurari ta soyayya ta tuna da mijinta. Amma ki tuna da abin da ya faru a 2020 da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker. Waƙar ta yi daɗi, ta shiga ko'ina, sai ga matan aure suna taka rawa a gaban mazajensu, ana ɗauka ana watsawa a intanet, har abin ya zama abin cece-kuce a duk Arewa. Rawa a gaban miji ai ba sabon abu ba ne, kuma ba laifi ba ne. Kyamarar ce ta fitar da ɗaki zuwa kasuwa. Tun daga lokacin kusan kowace sabuwar waƙa da 'yar rawarta take fitowa, a yanko daƙiƙa 20 mafi zafi a sa a TikTok, 'yan mata su yi ta gasar kwaikwayo. Dokar TikTok da kanta ta ce sai mai shekara 13 zuwa sama, amma wa ke tambaya? Kuma bidiyon da yarinya ta sa yau tana dariya, ko ta goge wani ya riga ya adana, yana iya fitowa ranar da aka kawo kuɗin gaisuwarta.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. In na ji yaro yana rera sabuwar waƙa, sai in ce ya faɗa mini kalmomin a hankali, ba kiɗa, kamar yana magana. In ya iya faɗa a gabana bai sunkuyar da kai ba, shi ke nan. In ya fara in-ina, shi da kansa ya ba ni amsa, ba sai na yi faɗa ba.

Gem: nan ne muka fi zama baƙi

Mu iyaye mata mun san fim, mun san waƙa, amma gem yawancinmu ba mu san komai a kai ba, shi ya sa nake so mu ɗan daɗe a nan. Kashi-kashi ne. Akwai na ƙwallo, irin su Dream League da eFootball da wanda aka fi sani da FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, kowace shekara da sabon fitowa. Waɗannan illarsu cin lokaci ne da cin kuɗi a gidan gem, inda ake biya wasa-wasa, har kuɗin cefane ya bi ta can. Akwai na harbi, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG na waya a 2018, da Call of Duty na waya a 2019. A cikinsu ana jefa 'yan wasa da yawa a fili ɗaya, kowa ya nemi bindiga, wanda ya rage da rai shi ya ci. Sannan akwai GTA, wanda ɗan wasa ke zama ɗan daba a birni, yana ƙwacen mota yana gudun 'yan sanda, har da shiga wuraren banza. Na biyar ɗinsa, wanda ya fito a 2013, alamar shekara 18 ke kansa, amma ki leƙa gidan gem ki ga masu shekara nawa ke riƙe da shi.

Abin da ban sani ba sai da jikan gwaggo ya nuna mini shi ne, waɗannan na harbin ba shi kaɗai yake yi ba. Da mutane na gaske yake wasa, daga ko'ina a duniya, kuma akwai inda ake latsawa a yi magana da murya. Wato ƙato mai gemu a wata ƙasa yana iya hira da ɗanki a cikin ɗakinki. Na biyu, wasan kyauta ne a sauke, amma a ciki ana sayar da riguna da bindigogi da wasu duwatsu masu ƙyalli da kuɗi na gaske. Yaron da ya san lambar sirrin asusunki na waya, saboda shi kike aike wajen mai POS, yana iya kwashe kuɗin adashinki cikin dare ɗaya ba da niyyar sata ba, shi a ganinsa wasa yake. Na uku kuma shi ne mafi muni: akwai caca da ta sa rigar gem. Za ki ga ɗan jirgi yana tashi ko ƙwallo tana gudu, ki ɗauka wasan yara ne, alhali kuɗi ake zubawa. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, amma shagon da ke cikin waya ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. Ba kowane mai wasa ne ya kamu ba, kada ki firgita. Alamar ita ce yaro ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan abinci da karatu da abokai, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, har tsawon lokaci. A shekarar dai hukumar ta ba da shawara kan ƙanana: jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban allo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Na san wannan zai yi wa da yawa daga cikinmu ɗaci, domin waya ta zama 'yar raino, da yaro ya fara kuka sai a miƙa masa. In ma za a ba shi, a zaɓa masa. Akwai Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda ke koyar da ƙirga da haruffa, kuma akwai shi da Hausa.

To yaya za a yi?

Ƙwace waya da duka ba ya magani. Na gwada, abin da na samu shi ne yaro ya koma kallo a gidan maƙwabta, inda ba na gani sam. Abin da na ga yana aiki shi ne ki riga shi. Kafin memori ya shiga hannun yara, ya kwana a hannunki, ki buɗe ki ga sunayen abin da ke ciki, ki ɗan tura gaba ki leƙa nan da can. In ba ki iya ba, kada ki ji kunya, ki sa babbar 'yarki ko ƙanwarki ta nuna miki, minti goma ya isa. In za a aika wajen mai turi, kada a ce "a sa sababbi", a faɗi sunan abin da ake so, in da hali ma maigida ya je da kansa sau ɗaya ya yi masa magana ta mutunci. Mai shago ɗan gari ne, ya san gidanku, zai kiyaye.

In babbar waya ce mai shiga intanet, a cikin Play Store kowane gem da lambar shekaru a jikinsa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma akwai wurin da iyaye ke sa lambar sirri su hana sauke abin da ya wuce shekarun yaro. A YouTube ki kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in ɗaya ya ƙare, domin ta nan yaro ke farawa da katun ya ƙare a inda ba ki zata ba. Lambar asusunki kuwa ki canza ta yau, kada ki bari sai gobe.

Amma duk wannan bai kai ki zauna ku kalla tare ba. Ki mayar da kallo abin tsakar gida kamar yadda yake a zamanin kaset, waya ɗaya a jingine da kwano, kowa na gani, ba abin kunne a ƙarƙashin bargo. In wata ta yi wa mijinta ƙarya a fim, ki tambayi 'yarki, "Ke da ke ce ya za ki yi?" Za ki sha mamakin abin da ke cikin kanta, kuma maganar da kika daɗe kina neman hanyar farawa, ta samari ko ta ƙawaye, sai ki ga fim ya buɗe miki ƙofarta. Ki kuma gaya mata gaskiyar da 'yan fim da kansu ba sa ɓoyewa, cewa gidajen nan masu bene da motocin nan sau da yawa na aro ne ko na haya, da an gama ɗauka kowa zai koma inda ya fito.

Wannan ta ƙarshen ba 'yarki kaɗai ta shafa ba, uwargida, mu faɗa wa juna gaskiya. Mu nawa ne muka kalli falon wata a fim, muka juyo muka kalli ledar ɗakinmu, ranar maigida ya dawo ya tarar da fuska a murtuke bai san laifinsa ba? Mu nawa ne miya ta kama a tukunya saboda "bari wannan wurin ya wuce"? Mu nawa ne aka kira magariba muna cewa saura minti biyar, minti biyar ta zama isha'i? Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, data ta ƙara tsada, ki lissafa abin da kike kashewa a wata ki gani ko bai kai mudun shinkafa da yawa ba. Yaron da ya ga uwarsa ta kife waya da jin kiran salla ba ya bukatar dogon wa'azi. Wanda kuma ya ga ana ce masa "tashi ka yi salla" ido na kan allo, ya san wanne ne gaskiya a cikin biyun.

Shi ma maigida a jawo shi ciki, cikin dabara, ba a gaban yara ba. Sau da yawa wayarsa ce ta fi kowacce haɗari a gidan, saboda abin da abokai ke turowa a guruf-guruf na WhatsApp yana sauka da kansa cikin ma'ajiyar hotuna, shi bai ma buɗe ba, sai ya miƙa wa ƙaramin yaro ya yi gem.

Daren da zan baro Fakku, gwaggo ta sa aka ɗauko mata wani tsohon kwanon sha mai murfi. Ta ce daga yau in an yi isha'i an kalli kashi ɗaya tare, duk wayar da ke gidan a nan za ta kwana, a ƙarƙashin gadonta, har ta uwar jaririn. 'Yan matan suka yi ta gunaguni, jikan nan ya ɓata rai kamar zai yi kuka. Aka jingina waya a jikin turmi, aka sa shirin, gwaggo ta gyara zama ta matso da tabarmarta gaba. Ba a yi minti goma ba sai ga ta tana nuna allo da carbi tana tambaya, "Wagga mai jan gyale, ita ta uwargida ko amarya?" Mutum uku suka amsa mata a lokaci ɗaya.